Daga Malkohi zuwa Melbourne: Jiran wasan tseren motar da sai 2027 zai fito

Idan rana ta yi sanyi a Malkohi, ƙurar hunturu kuma ta fara kwantawa a kan rufin kwano, wurin cajin waya ne majalisar samari. Janareta na ruri a gefe, wayoyi na jere a kan tebur kamar kayan gwanjo, kuma duk wanda ya yi sa'ar sayen data a ranar shi ne mai gari, domin kawuna biyar ko shida za su haɗu a kan fuskar wayarsa. Ƙwallon ƙafa ce sarauniyar wannan majalisa, ba a taɓa jayayya a kai ba. Amma tana da kishiya ƙarama wadda ta shigo a hankali: gajerun bidiyoyin motocin Formula 1, waɗansu na tseren gaske, waɗansu kuma na wasan kwamfutar da ya kwaikwayi tseren har ido ba ya saurin bambance su.

Masu bin wannan wasa sun saba da al'ada guda. Kowace shekara kamfanin Electronic Arts, wanda aka fi sani da EA, yakan fitar da sabon wasa mai ɗauke da lambar shekarar: F1 23, F1 24, sai F1 25 da ya fito ranar 30 ga Mayu, 2025. Kowa ya ɗauka F1 26 na tafe a kan wannan turba. Sai ga shi a watan Nuwamban 2025 kamfanin ya sanar da cewa ba za a yi sabon wasa cikakke a 2026 ba. Abin da za a sayar ƙari ne a kan F1 25, wanda zai kawo motoci, direbobi, ƙungiyoyi da dokokin sabuwar kaka. Cikakken sabon wasa, wanda kamfanin ya ce za a sake masa fasali, sai 2027.

Ga mai zaune a Landan ko Dubai, wannan labari ne na jinkiri kawai. Ga yaron da ke hawa keke daga Malkohi zuwa Jimeta don ya riƙe hannun gem na rabin sa'a, da mai shagon da ke cin abinci da kuɗin wannan yaro, sanarwar ta taɓa wani lissafi da tun farko bai daidaita ba.

Abin da lasisi ke saye

Kalmar lasisi ce ginshiƙin maganar. Duk wanda ya taso a gidajen gem na Arewa ya san bambancinta ko da bai san sunanta ba. A tsofaffin wasannin ƙwallo na kamfanin Konami, Manchester United takan fito da sunan Man Red, Arsenal kuma North London, saboda kamfanin bai biya kuɗin amfani da sunayen gaske ba. Wasan FIFA ya rinjayi kasuwa ne da sunaye, riguna da fuskokin 'yan wasa na ainihi. Da EA da hukumar FIFA suka raba gari bayan kusan shekara 30 suna tare, wasan ya koma EA Sports FC daga 2023, ko da yake a bakin yaran Jimeta har gobe sunansa FIFA.

A tseren mota ma haka abin yake, har ya fi tsanani. Wanda ke riƙe da lasisin Formula 1 shi kaɗai ke da ikon saka jar motar Ferrari da tambarin dokinta, da sunan Lewis Hamilton ko Max Verstappen, da kwanannakin Monaco da Silverstone a matsayin gasar hukuma. Kamfanin Codemasters na Birtaniya, wanda 'yan'uwa biyu, Richard da David Darling, suka kafa a 1986, shi ya karɓi wannan lasisi a 2008. A farkon 2021 EA ya saye Codemasters a kan kimanin dala biliyan 1.2, lasisin ya bi shi kamar yadda ɗan maraƙi ke bin uwarsa zuwa sabon garke. Saboda haka babu wata rumfa ta biyu da mai son tuƙa motocin gasar zai koma idan farashi bai yi masa ba. Akwai Gran Turismo, akwai Need for Speed, akwai Asphalt a waya, amma duk ba su ne gasar ba.

Ƙwarewar da aka kai a kwaikwayon ba ƙarama ba ce. A F1 25 an sake gina filayen Bahrain, Miami, Melbourne, Suzuka da Imola ta hanyar auna su da na'urar haske, yadda tudu da gangaren kwalta da tsayin shinge za su zo daidai da na gaske. Mai wasa yana jin taya na cinyewa, yana lissafin mai, yana zaɓar zagayen da zai shiga canjin taya. Wanda ya taka birki a makare zai tsinci kansa cikin tsakuwa. Wannan ne ya sa wasan bai da farin jinin ƙwallo a shago: yana buƙatar haƙuri, shi kuwa mai jiran layi haƙurinsa gajere ne.

Yaran 2014

Sunan Malkohi ba baƙo ba ne ga ma'aikatan da suka taɓa riƙe fayil ɗin agajin Arewa maso Gabas. Ƙauye ne a bayan garin Yola, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, wanda ya cika da baƙi a 2014 lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza, ta gangaro Madagali da Michika, ta shiga Mubi a watan Oktoba. A sansanin Malkohi aka sauke mata da yara 275 da sojoji suka ceto daga dajin Sambisa a watan Mayun 2015. A nan ne kuma bam ya tashi ranar 11 ga Satumba na wannan shekara, ya kashe aƙalla mutum 7. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo sun koma gida bayan an kwato garuruwansu. Waɗansu, musamman mutanen Gwoza, sun zauna, sun nemi gonakin haya, sun kafa bukkoki da suka rikiɗe zuwa ɗakunan laka da bulo.

Yaron da aka riƙo hannunsa yana ɗan shekara 6 a wancan gudu, yau saurayi ne mai shekara 17 ko 18. Rahotannin hukuma suna ƙirga shi a layin masu buƙatar abinci, makaranta da sana'a, kuma gaskiya ne yana buƙatarsu. Abin da ba ya shiga rahoto shi ne cewa saurayin yana da abin da yake ɗoki kamar kowane sa'ansa a Wuse ko Gwarinpa. Ya san Hamilton ya bar Mercedes ya koma Ferrari a 2025, ya san kakar ba ta yi masa daɗi ba, tun da a karon farko a tarihinsa ya gama shekara bai hau dandamalin karramawa a babban tsere ba. Ya san Lando Norris na McLaren ya ɗauki kambun duniya a Abu Dhabi ranar 7 ga Disamba, da ratar maki 2 kacal a kan Verstappen. Fim ɗin F1 da ya fito a watan Yunin 2025 ya ƙara wa abin armashi, domin kusa da Brad Pitt akwai Damson Idris, ɗan Birtaniya wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, sanye da rigar direba.

Ba abin mamaki ba ne son gudu ya sami wurin zama a Adamawa. Ƙasa ce ta doki, wadda ta san sukuwa da kilisa da hawan salla tun kafin a shimfiɗa kwalta a Fombina. Mai kallon sukuwa ya riga ya fahimci abubuwa da yawa na tseren mota: cewa mahayi da abin hawa dole su zama ɗaya, cewa wanda ya saki linzami tun zagayen farko ba lallai shi zai zo na ɗaya ba, cewa a kwana ake cin tsere ko a faɗi. Bambancin shi ne doki ana iya ganinsa a ƙofar fadar Lamiɗo, motar Formula 1 kuwa rabonta da taka ƙasar Afirka a gasar hukuma tun 1993.

Shekarar da aka rushe gini aka sake

Abin da ya sa sanarwar EA ta yi wa masoya wasan zafi shi ne shekarar da ta faɗo a kai. A 2026 Formula 1 za ta yi sauyin dokoki mafi girma cikin shekaru masu yawa. Injin zai samu kusan rabin ƙarfinsa daga lantarki: ƙarfin ɓangaren batir zai tashi daga kilowat 120 zuwa 350. Man da za a ƙona duka mai ɗorewa ne, ba wanda aka haƙo daga rijiya ba. Motocin za su rage nauyi da kusan kilo 30, su rage faɗi da santimita 10. Za a yi ritaya da tsarin DRS, wato buɗe fiffiken baya don wuce abokin hamayya, wanda aka yi amfani da shi tun 2011. A madadinsa fikafikan gaba da baya za su riƙa sauya tsayuwa tsakanin miƙaƙƙiyar hanya da kwana, direba kuma zai sami ƙarin ƙarfin lantarki idan ya matso kusa da na gabansa.

Ƙungiyoyin ma sun sauya. Audi ya karɓe Sauber ya shigo da sunansa da injinsa. Cadillac na Amurka ya zama ƙungiya ta 11, da tsofaffin hannu biyu, Valtteri Bottas da Sergio Pérez, abin da zai kai yawan motoci 22. Red Bull zai fara amfani da injin da ya ƙera tare da Ford, Honda ya koma wajen Aston Martin, Alpine kuma ya ajiye injin Renault ya karɓi na Mercedes. Birnin Madrid ya shiga jadawali a watan Satumba, Imola ta fita.

Ga mai wasan kwamfuta wannan yana nufin sabon salon tuƙi gaba ɗaya. Mutum zai koyi lokacin da zai kashe batir da lokacin da zai tara shi, kamar mai shagon da ke lissafin man janaretansa kafin a kawo wuta. A shekarar da ta fi cancantar sabon wasa ne aka ce a yi faci a kan tsoho. Ana iya fahimtar hujjar kamfanin: an daɗe ana zargin wasannin shekara-shekara da cewa riga kawai ake canza musu, kuma F1 24 ya sha suka a kan yadda motocinsa ke amsa sitiyari lokacin da ya fito. Shekara biyu ta aiki na iya haifar da abin kirki. Amma alkawari ne, kuma mai sayen alkawari shi ke ɗaukar asara idan bai cika ba.

Kasuwar jita-jita

Inda bayani ya yi ƙaranci, hasashe ke cika wurin. A TikTok da YouTube akwai bidiyoyi masu ɗauke da sunan F1 26, da motocin Audi da Cadillac suna gudu a filin Madrid. Ba daga EA suke ba. Masu gyare-gyaren wasanni ne suka liƙa sababbin launuka a kan tsofaffin motoci, ko suka gina su cikin wani wasan daban, wasu kuma ƙirƙirarriyar basira ce ta zana su. Ga wanda ya kalli daƙiƙa 30 a ƙaramar waya kafin datarsa ta ƙare, babu hanyar tantancewa. Daga nan gardama ke tashi: wani ya rantse wasan ya fito a Turai ana ɓoye wa Afirka ne, wani ya ce ɗan'uwansa a Kano ya riga ya buga.

Akwai kuma hasashen da ke da tushe. Ranar 29 ga Satumba, 2025, aka sanar da cewa asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya, PIF, tare da kamfanonin Silver Lake da Affinity Partners na Jared Kushner, za su saye EA baki ɗaya a kan dala biliyan 55, wanda kimanin biliyan 20 daga ciki bashi ne. Masu fata suna cewa Saudiyya na son tseren mota: Jidda ta fara karɓar gasar a 2021, ana gina sabon fili a Qiddiya, kamfanin Aramco kuma na cikin manyan masu ɗaukar nauyin Formula 1. A ganinsu sabon mai gida ba zai bar wasan ya lalace ba. Masu tsoro kuma suna duban bashin. Kamfanin da ke bin kansa da dala biliyan 20 yakan rage ma'aikata, ya ƙara farashi, ya cika wasa da ƙananan abubuwan sayarwa. Suna da misali a hannu: a watan Afrilun 2025 EA ya dakatar da aikin wasannin tseren daji na WRC da Codemasters ke yi, lasisin kuma ya koma hannun kamfanin Nacon na Faransa.

Tambayar da ta fi daɗi a bakin samari ita ce ko wasan 2027 zai zo da filin Afirka. Amsar ba ta hannun masu ƙera wasa, domin wasa mai lasisi jadawalin gasa yake bi. Sai Afirka ta shiga jadawali sannan za ta shiga faifai. Tambayar da ta fi nauyi kuwa ta masu shago ce, kuma an riga an amsa ta tun 2025.

Lissafin mai shago

F1 24 shi ne na ƙarshe da ya yi aiki a kan PlayStation 4. F1 25 ya fito ne a PlayStation 5, Xbox Series da kwamfuta kawai. Gidajen gem na Jimeta da Yola, kamar takwarorinsu na Kano da Zariya, mafi yawansu a kan PlayStation 4 suke tsaye, a unguwannin bayan gari ma har yanzu ana samun na 3 da na 2 suna aiki. Tun da ƙarin 2026 a kan F1 25 za a ɗora shi, duk shagon da bai da sabuwar na'ura an rufe masa ƙofa sau biyu: ba shi da tushen, balle ƙarin.

Sabuwar na'urar kuma, maimakon ta yi araha da tsufa kamar yadda aka saba, sai ta ƙara tsada. A watan Agustan 2025 Sony ya ƙara dala 50 a kan farashinta a Amurka, mai cin faifai ta koma kusan dala 550. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,450, kuɗin ya tasar wa naira 800,000 kafin a saka kuɗin jirgi, kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wasan kansa dala 70 ne lokacin da ya fito, wato sama da naira 100,000. Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, wanda Adamawa na cikin jihohin farko da suka fara biya, naira 70,000 ne. Ma'aikaci a matakin ƙasa zai yi aikin wata ɗaya da kusan rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi faifai guda. Sitiyari da fedar birki da totur, waɗanda da su ne wasan ke nuna ainihin kansa, wani tudun ne daban, shi ya sa kusan kowa da hannun gem yake tuƙi.

Batun faifai yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tattalin arzikin gidan gem a kan kayan hannu ya ginu: faifan da wani ya gama da shi a Ingila ya iso Legas, ya hau mota zuwa Kano, ya ƙare a kasuwar zamani ta Jimeta da rabin farashi ko ƙasa da haka. Ana musanyarsa, ana aronsa, ana sake sayar da shi. Ƙarin da ake saukewa daga intanet ba ya yin tsufa ta wannan hanya. Yana manne da asusun wanda ya saya, ba shi da kasuwar gwanjo. Kuma Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da shagon PlayStation na hukuma, don haka mai saye yakan buɗe asusu da adireshin Amurka ko Birtaniya, ya sayi katin kuɗi daga hannun dillali, wanda shi ma ya ɗora ribarsa. Bankuna da dama sun dawo da damar sayayya a ƙetare da katin naira a tsakiyar 2025, bayan kusan shekara uku da dakatar da ita, amma wannan bai warware matsalar adireshi ba.

Sai nauyin saukewa. A kwamfuta F1 25 na neman gigabait 100 na wurin ajiya, sabuntawa kuma ba ta yankewa. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ga man janareta, wanda ya ninka sau da yawa tun cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Ga zafin Yola na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, lokacin da fankar na'ura ke kuka kamar za ta tashi sama, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata hanci. Mai shagon da ya tara kuɗin sabuwar na'ura guda ba zai ɓata ta a kan wasan da mutum uku ke nema ba. Ƙwallo zai saka, domin ita ke kawo layi.

Hanyar da ta rage sananniya ce, ko da ba a faɗar ta da ƙarfi: na'urorin da aka buɗe wa kulle ana loda musu wasanni ba da izini ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta wannan ƙarara. Sai dai doka ba ta rage farashi, kuma sababbin na'urori sun fi wuyar fasawa, wasannin yau kuma rabin daɗinsu na kan layin intanet, inda na'urar da aka taɓa ba ta da shiga. Ko satar ma ta fara fin ƙarfin talaka.

Abin da ya shafi Abuja

Mai karatu a sakatariyar tarayya na iya cewa ina ruwan gwamnati da wasan yara. Iyaye da malamai ma suna da nasu ƙorafin, kuma ba a banza ba: akwai yaran da gidan gem ya raba su da aji da Islamiyya, akwai kuɗin cefane da ya ƙare a can. Amma gwamnatin da kanta ta riga ta sa ƙafa cikin maganar. A tsakiyar 2025 Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Shehu Dikko, ta bayyana goyon bayanta ga yunƙurin kawo gasar Formula 1 Abuja, tare da kamfanin Opus Race Promotions da tsohon ɗan ƙwallon Ingila Marvin Sordell ke cikin jagorancinsa. Nijeriya ta shiga layin da akwai mutane a gabanta. Shugaba Paul Kagame ya sanar da neman Ruwanda a watan Disambar 2024. Afirka ta Kudu na da filin Kyalami, inda aka yi tseren 1993, kuma tana shirin ɗaga darajarsa. Maroko ta taɓa karɓar gasar a Kasabalanka tun 1958. Legas dai ta gwada hannunta da tseren jiragen ruwa masu lantarki na E1 a watan Oktoban 2025.

Karɓar gasa na cin dala miliyoyi masu yawa kowace shekara, ban da ginin fili. Ƙasar da ke wannan buri ya kamata ta tambayi kanta su wa za su cika kujerun, su wa za su riƙe sifana a wurin canjin taya, su wa za su tuƙa. Hanyar da aka saba bi zuwa kujerar direba ta 'ya'yan masu hali ce, ana fara ta da ƙananan motocin tsere tun ana shekara 6 ko 7. Ugo Ugochukwu, ɗan fitacciyar mai tallan kayan ƙawa Oluchi Onweagba, wanda ya lashe tseren Macau a 2024, a New York aka haife shi, da tutar Amurka kuma yake gudu.

Wasan kwamfuta na cikin 'yan ƙofofin da suka taɓa buɗewa ga wanda ba shi da komai. Jann Mardenborough, wani saurayi daga Cardiff, ya doke mutum kusan 90,000 a gasar GT Academy ta 2011 da wasan Gran Turismo, Nissan ya ba shi motar gaske, ya zo na uku a rukuninsa a tseren sa'a 24 na Le Mans a 2013. Brendon Leigh, wanda ya fara lashe gasar kwamfuta ta Formula 1 a 2017, a kicin ɗin gidan abinci yake aiki kafin nan. Verstappen kansa yakan kwana yana tsere a na'urar kwaikwayo. Irin waɗannan labarai ɗaya ne cikin dubu, kuma zalunci ne a sayar wa yaron Malkohi da su a matsayin hanyar tsira. Amma a bayan kowane direba akwai ɗaruruwan masu aikin da wasan ke koya wa harshensu: masu nazarin alƙaluma, masu zanen filaye, masu rubuta manhaja, masu gyaran na'ura.

A nan ne maganar ke haɗuwa da fayilolin da ke kan teburan Abuja. Akwai shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Dijital ƙarƙashin Bosun Tijani, mai burin horar da mutum miliyan 3. Akwai asusun iDICE na sama da dala miliyan 600 don sana'o'in fasaha da ƙirƙira, wanda aka ƙaddamar a 2023. Akwai Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa da dokar 2017. Yola kuma na da Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, duka biyun suna koyar da ilimin kwamfuta. Kujerar kwaikwayo guda da sitiyarinta, a cibiyar matasa mai sola a rufi, ba ta kai kuɗin taron bita na kwana biyu a otal ba. Matsalar irin wannan kaya ba a sayensa take ba. A shekara ta biyu take bayyana, lokacin da babu wanda aka ɗora wa alhakin share ƙura, sabunta manhaja da riƙe makulli.

A halin yanzu dai EA na riƙe da sauran bayanin, samarin kuma na riƙe da gardamarsu. Wanda ke da F1 24 a tsohuwar na'ura zai ci gaba da tuƙa Hamilton cikin rigar Mercedes, duk da ya riga ya cire ta. An tsara buɗe kakar 2026 a Melbourne ranar Lahadi, 8 ga Maris. Saboda azumi an tura tseren Bahrain da na Jidda zuwa Afrilu, Ostiraliya ta karɓi buɗewa. Ƙarfe 3 na rana a Melbourne ƙarfe 5 na asuba ne a Yola, daidai lokacin da ake kammala sahur. Wanda ya kwana da caji da ɗan ragowar data a Malkohi zai ga motoci 22 sun nufi kwanar farko kafin ladan ya kira salla.